Bidiyo Na Tafiya, Sauti Shiru: Duba Nan Kafin Ka Kira Mai Gyara

Zangon karatun da ya wuce, ranar da rukuninmu zai gabatar da aiki, na buɗe bidiyon da muka yi sati biyu muna haɗawa. Hoto ya fito a majigi tangaran, amma sauti ko ƙyas. Malam na ta kallon agogo, ni kuwa gumi kawai nake. Ashe igiyar HDMI ce. Hoto da sauti duka take ɗauka, don haka da muka jona ta sai Windows ya tura sautin zuwa majigi, shi kuwa ba shi da lasifika. Ga mu yanzu dab da kare furojet, shi ya sa na ce bari in faɗa muku abin da na koya.

Idan ba sauti, fara da alamar lasifika da ke ƙasan allo ta dama, ka tabbatar na'urar da aka zaɓa ita ce kake so. Sai ka shiga Volume Mixer, domin kowace manhaja da nata ma'aunin, wataƙila wani ya rufe wa burauza baki. A Chrome kuma, danna dama a kan tab ɗin. In ka ga Unmute site, to ka kama ɓarawon.

Idan sauti na fita amma allo baƙi ne ko kore, galibi katin hoto ne bai jitu da burauza ba. Shiga Settings, sai System, ka kashe graphics acceleration, ka sake buɗe burauzar.

In bidiyon ya ƙi tashi gaba ɗaya, danna Ctrl+Shift+N ka gwada a can. Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, irin masu tare talla, yawanci ba sa aiki a wannan tagar. Ya yi a nan? To ɗaya daga cikinsu ce matsalar. In bai yi ba, Ctrl+Shift+Delete ka share cache.

Tsofaffin kwamfutocin tebur kuwa suna da nasu ciwon. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo kan mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, shafuka su ƙi buɗuwa saboda takardar shaidar tsaro. Gyara kwanan wata kawai. Sannan Chrome 109 shi ne na ƙarshe ga Windows 7, shi kuma Flash an binne shi tun ƙarshen 2020. Duk shafin da ya ce ka sauke Flash, kada ka taɓa, tarko ne.

Mai tsayawa yana juyi kuwa, intanet ce. Rage shi zuwa 360p.

Shawarata ga 'yan ajin ƙarshe: ku sauke bidiyonku a filash, ku je ku gwada shi a kan kwamfutar ɗakin da majigin tun ana gobe. Allah Ya ba mu sa'a.