Aikin Injin Murza Ƙarfe: Abin Da Iyaye Za Su Duba

Waɗansu iyaye suna tambayarmu ko ya dace ɗansu ya shiga aikin injin murza ƙarfe, watau injin nan da ke matse ƙarfe mai zafi har ya zama rodin gini. Bari mu duba tare.

A farkon shekarun 1980 Gwamnatin Tarayya ta buɗe irin waɗannan ma'aikatu guda uku, a Katsina da Jos da Oshogbo. An shirya kowace za ta iya fitar da tan 210,000 a shekara. Samari da yawa suka sami aiki, suna tsammani sun dace ke nan har tsufa. Amma sandunan ƙarfen da suke murzawa daga Aladja ake kawo su. Da Aladja ta raunana, sai injuna suka yi shiru, albashi ya riƙa makara. Wajen 2005 aka sayar da su ga 'yan kasuwa.

Yau yawancin rodin ƙasarmu daga kamfanonin 'yan kasuwa yake fitowa, musamman a Legas da Ogun, inda ake narka tsofaffin ƙarafa. Tun 2024 mafi ƙanƙantar albashi bisa doka naira 70,000 ne a wata. Amma a lura, sau da yawa ta hannun ɗan kwangila ake ɗaukar sabon yaro, a biya shi kuɗin yini, ba fansho, ba hutu. Ga zafi, ga ƙara, ga aikin dare.

Duk da haka akwai hanyar ci gaba. Lebura yakan zama mataimaki, mataimaki ya kama injin, mai injin kuwa ya zama helma. Wanda ke hawa da sauri shi ne mai takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ko shaidar makarantar fasaha. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, hedkwatarta a Jos, tana horar da matasa.

Shawararmu ke nan: kada yaro ya tsaya ga tuƙa injin kaɗai. Ya koyi gyaransa, da walda, da aikin lantarki, gama ma'aikata takan rufe, amma abin da hannu ya iya ba mai ƙwace shi. Kafin ya fara kuwa, ku nemi ganin takardar ɗaukar aiki, ku tambaya wa zai biya asibiti in ya ji rauni.