Ciwon gwiwa da kuɗin da ke tafiya a tiren mai magani

Ranar zubi, kafin a buɗe akwati, ku lura da yadda muke zama kan tabarma. Masu ƙuruciya durƙusawa kawai suke yi su tanƙwashe ƙafa. Iyayenmu kuwa sai sun dafa bango ko kafaɗar ta kusa, a ji “wash!” kafin su kai ƙasa, tashi kuma sai an miƙa musu hannu. Mukan ce ai girma ne, ko mu ce sanyin ƙashi ne, mu wuce. Amma mace ta daina zuwa lambu a lokacin rake, ko ta kasa tsayuwa matsar man gyaɗa, to zubinta ne ya shiga haɗari, tare da bashin da ta ɗauka.

Ba mu kaɗai ba ne a Matamaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da irin wannan ciwon gaɓɓai, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce ta fi shan wahala. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi, wanda ke sa gaɓa ta yi motsi sumul, yana siracewa a hankali. Shekaru na kawo haka, ƙiba na ƙarawa, tsohon targaɗe ma haka, sai kuma aikin da muka sani: tsugunno gaban murhu, daka, wanki a duƙe, da jarkar ruwa mai lita 25 a ka, wadda nauyinta kilo 25 ne cur, duk a kan gwiwa yake sauka.

Yanzu bari mu yi lissafi, tunda lissafi ne sana'armu. A ce mace tana sayen ƙwaya ta dala ashirin kullum wurin mai tallar magani a tire. A wata jaka 3 ke nan, a shekara jaka 36. Mata nawa ne a cikinmu ke samun jaka 36 ranar rabo? Kuma ina ma a ce kuɗin ne kawai ke tafiya. Diklofenak da ibuprofen suna kwantar da zafi, gaskiya ne, amma shan su kullum wata da watanni yana cin ciki har ya kai ga gyambo da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana kuma tayar da hawan jini. Deksa ta fi su yaudara: ciwo ya lafa, fuska ta ciko, maƙwabta su ce Hajiya ta samu lafiya, alhali tana rarake ƙashi tana jawo ciwon sukari. Wadda ta daɗe tana shan deksa kada ta yanke ta rana ɗaya, ta je likita ya rage mata sannu a hankali. Tramol kuwa kowa ya ga abin da ta yi wa samarinmu. Ƙahon wanzami da tsaga ba sa mayar da guringuntsi, kuma aska ɗaya ga mutane da yawa hanyar wata cutar ce.

Abin da likitoci a duniya suka sa a gaba wajen wannan ciwo, kafin ƙwaya da allura, shi ne motsa jiki da aka tsara. Wannan ne aikin ma'aikacin da ake kira kine a asibitocinmu, wanda ƴan uwanmu na Daura da Kano ke ce wa likitan gashi. Da yawa muna zaton tausa ce da gasa wuri kawai. Akwai su, amma ƙashin bayan aikin shi ne ƙarfafa naman cinya. Naman nan shi ke riƙe gwiwa, ya ɗauke mata wani ɓangare na nauyi. Idan ciwo ya sa mace ta kwanta, naman ya saki, gwiwa ta ƙara shan nauyi, ciwo ya ƙaru, ta ƙara kwanciya. Wato “ki huta, Inna” da muke faɗa don tausayi, idan hutun ya yi yawa, cutarwa ce.

Motsin ba ya bukatar na'ura. Ki zauna kan kujera mai tsayi, ki miƙe ƙafa ɗaya har ta yi sambal, ki ƙirga biyar, ki sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Ko ki kwanta rigingine kan tabarma, ki lanƙwasa gwiwa ɗaya, ki ɗaga ɗaya ƙafar a miƙe kamar taki guda daga ƙasa. Wanda ya fi duka amfani a ganinmu shi ne tashi da zama daga kujera ba tare da dafa komai ba, domin shi ne ainihin abin da jiki ke bukata a wuni. Da fari a dafa, daga baya a saki. A haɗa da tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri da sanyin safiya ko bayan la'asar, minti goma a farko, a riƙa ƙarawa. Da hunturu, lokacin da gaɓɓai ke sandarewa, a fara ɗora tsumma mai ɗumi, masu ciwon yatsu su tsoma hannu a ruwan ɗumi suna dunƙulewa suna buɗewa.

Za a ji ɗan zafi, wannan ba laifi ba ne muddin ya lafa kafin washegari. Idan ya wuce haka ko gwiwa ta kumbura, an yi da yawa, a rage, kada a bari gaba ɗaya. Kuma a yi haƙuri: sai an yi mako shida zuwa wata uku ana yi kafin a ga bambanci sosai. A nan ne mafi yawan mutane ke sarewa, don ƙwaya cikin awa guda take aiki.

Sauran dubarun ƙanana ne. Sanda ba abin kunya ba ce, amma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ke ciwo ba. A ɗaga murhu ko a sami kujera mai tsayi maimakon ƴar tsugunno. A raba ruwan jarka biyu. Mai ƙiba ta sani cewa kowane kilo da ta rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a duk taku. Wadda sujada ta gagare ta, malamai sun sanar da mu tana iya salla a zaune.

Akwai kuma ciwon da ba a tsaya motsa jiki a kansa. Gaɓa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi: asibiti a ranar. Haka wadda ta faɗi ta kasa taka ƙafa. Idan kuma yatsun hannu biyu ne suke kumbura, suna sandarewa da safe har awa guda, musamman ga mace mai sauran ƙuruciya, wannan wani nau'i ne dabam mai lanƙwasa yatsu idan an yi jinkiri, kuma yana da nasa magani.

To ina ƙungiya ta shigo? Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, ƙarfin abin shi ne haɗuwa duk mako ba fashi, kuma abin da wannan magani ke so ke nan. Muna ba da shawara a ware minti goma kafin zubi, a kawo kujeru biyu ko uku, a yi motsin tare, a tambayi juna wa ta yi a gida. Kuɗin taimakon da muke ajewa don suna da rasuwa, a zauna a duba ko zai iya ɗaukar kuɗin motar mace ɗaya. Ta fara da asibitin Matamaye a duba ta, a auna jininta, idan an ga ya dace a ba ta takarda zuwa babban asibitin Damagaram wurin kine. Ta tafi da ɗiya ko jika mai karatu, ta roƙi a nuna mata motsin da za ta yi a gida a kuma rubuta mata, don ba kowa ke iya zaryar hanyar Takieta duk mako ba. Idan ta dawo ta koya mana motsin, amma takardar maganinta tata ce ita kaɗai, kada a ara.