Garin kuka a cikin akwati

Duk wanda ya taɓa raka matafiyi filin jirgin Malam Aminu Kano ya san abin da ke cika akwatin mai komawa Landan ko New York. Tufafi kaɗan ne. Sauran wurin na garin kuka ne, da busasshiyar kuɓewa, da daddawar da aka ƙulle cikin leda uku saboda wari, da yajin ƙuli, da kanwa, da ɗan ƙullin kimba da masoro. In ma'auni ya nuna kaya sun haura kilo 23, atamfa ake zarewa a miƙa wa ɗan rakiya. Kukar ba a taɓa ta.

Bahaushe ya daɗe yana tafiya da tukunyarsa. Fataken da suka riƙa kai kanwa da rinannun tufafi ƙasar Gwanja suna sayo goro a Salaga, da yawansu can suka yi aure suka zauna. Da yaƙin 1892 ya watsa kasuwar Salaga, sai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, zanguna suka yi ta girma. Abin da matan zango ke dafa wa iyalansu shi suka fara fitarwa ƙofar gida suna sayarwa, yau kuma mutumin Accra da bai iya ko "sannu" ba yana karya kumallo da Hausa koko da koose, wato kokonmu da ƙosai. Da rana ya bi layin waakye. Sunan nan "shinkafa da wake" ne aka gutsure, sai dai Bakanon da ya saba da garau-garau da mai da yaji zai tsaya yana kallon kwanon: an dafa ta da karan dafi da kanwa har ta yi ja, an ɗora mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da baƙin yajin nan da suke kira shito. Tuo zaafi ma sunansa Hausa ne, tuwo mai zafi, ko da yake tuwon kansa abincin mutanen arewacin Ghana ne tun fil azal, kada mu ci haƙƙinsu.

Ta gabas ma haka labarin yake. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake yanzu kusa da Sennar. Su da mahajjatan ƙafa da guzuri ya ƙare musu a hanya, su suka bai wa Sudan agashe, naman da ake yankawa fale-fale a barbaɗe shi da garin gyaɗa da yaji a gasa, da godo-godo, damun gero da nono wanda duk mai shan fura zai gane ɗan'uwanta ne. A Makka da Jidda tsire ya koma siriye. A unguwar Briqueterie ta Yaoundé ya koma soya. Can yamma a Abidjan kuwa, abincin talaka na garin rogo da soyayyen kifi sunansa garba, ana kuma danganta sunan da Hausawan Nijar da suka fara sayar da shi.

Ana yawan kawo waɗannan sunaye don alfahari, ni kuwa wani abu daban nake gani a cikinsu. Duk abincin da ya yi suna a waje, abincin talla ne: ana dafa shi da yawa, ana cinsa a tsaye, yana kawo kuɗi. Irin wannan ba ya mutuwa, don ko jikokin sun manta Hausa, kasuwa za ta riƙe musu shi. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne abincin cikin gida, wanda ba a cika kai shi bakin titi ba: fate, da dambu, da burabusko, da miyar taushe, da kayan gara irin su alkaki da nakiya da dubulan. Waɗannan a hannun mace ɗaya suke a kowane dangi, wata goggo ko inna da ake aika wa in biki ya taso. Ranar da ta kwanta dama, sau da yawa da su take tafiya.

A Turai da Amurka abin ya fi tsanani, don can babu zango, babu maƙwabciyar da za a aika yaro ya karɓo kanwa a wurinta. Dokar Birtaniya da ta Amurka ba su yarda matafiyi ya shigo da nama daga ƙasashenmu ba, shi ya sa kilishi da dambun nama kan ƙare a kwandon jami'an kwastan. Sauran kayan kuwa sai dabara. Gero yana shagon Indiyawa da sunan bajra, tare da tsamiya da man shanun da suke kira ghee. Zoɓo yana shagon mutanen Meziko, sun sa masa jamaica, kuma ba mamaki daga gonakin Jigawa ya fito, tunda Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon Nijeriya. Aya tana wurin mutanen Sifaniya, waɗanda ke da nasu kunun ayar a Valencia. Abin dariyar yana ga kuka. Tun da Tarayyar Turai ta amince da sayar da garin 'ya'yanta a 2008, ana samunsa a shagunan masu kula da lafiya da ɗan karen tsada, abin da yaran ƙauye ke tsotsa kyauta. Amma ganyen, wanda shi ne miyar, sai a ɗan shagon 'yan Afirka in an dace, ko a jira mai zuwa daga gida.

Ko an tara kayan, da sauran aiki. Ƙullun masa da ke tashi cikin dare ɗaya a zafin Kano, a hunturun Manchester sai an zuba masa yis an jingina shi da na'urar ɗumama ɗaki, ana leƙa shi kamar jinjiri. Tanda daga gida ake zuwa da ita. Gurasa kan gasu a oven, amma ba ta samun ƙonuwar gefen nan da ƙamshin da tanderu ke ba ta. Yogot ya maye gurbin kindirmo, injin markaɗe ya maye gurbin turmi, gara haka ma, don wanda ya ce zai yi daka a bene na bakwai, maƙwabcin ƙasa zai kira masa 'yan sanda.

Babbar matsalar ita ce awo. Iyayenmu ba su taɓa rubuta girki ba. Ma'auninsu mudu ne da gwangwani da tafin hannu, umarninsu kuma bai wuce "ki zuba daidai" da "har sai ya yi" ba. Yarinyar da ta tashi a Birmingham tana son a gaya mata kofi nawa, giram nawa, minti nawa. Sai a koma ga waya, a kira gida ta bidiyo a haska tukunya.

"Umma, ya yi ko in ƙara ruwa?"

"Ɗaga ludayin in ga yadda yake zuba."

Da haka masa da tuwo ke gyaruwa. Alkaki kam ba ya koyuwa ta waya, don sai hannu ya ji laushin tsakin alkamar kafin a san lokacin naɗi ya yi, sai kuma ido ya ga kaurin ruwan sukarin da za a tsoma shi. Yaran kuwa suna rububin masa da tsire da zoɓo a taron Sallah, amma da yawansu in suka ga launin miyar kuka da yauƙinta sai su ture kwanon.

Mai karatu, in goggon da ke yi wa danginku alkaki tana raye, in ka je gida hutun bana ka saya mata alkama da mai da sukari, ka zauna kusa da ita da ɗan sikeli da littafi. Duk abin da ta ɗebo da hannu, ka roƙe ta ta ɗora a kan sikelin kafin ta zuba. Za ta yi maka dariya, za ta ce ka cika ƙaƙale. Ka bar ta ta yi, kai dai ka rubuta.