Wa Ya Kwashe Katin Hoto Daga Kasuwa?

Tun da aka fara sayar da kwamfuta akwai abin da kowane mai saye ya riƙe a ransa: in ka yi haƙuri shekara biyu, kuɗin da ke aljihunka zai saya maka na'urar da ta fi ta yau ƙarfi. Haka aka saba gani, har aka ɗauka ba zai taɓa canzawa ba. Amma duk wanda ya koma Hasahisa, a yankin Jazira na Sudan, bayan sojoji sun karɓe garin a farkon 2025, da niyyar sake tayar da shagon buga takardu, ko ɗakin haɗa bidiyon biki, ko wurin wasan kwamfuta na yara, zai tarar lissafin ya juye. Katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, ya yi tsadar da ba a san shi da ita ba. Daga baya RAM, ma'ajiyar aikin kwamfuta, ita ma ta bi sahu. Abin ɗaure kai shi ne wannan ya faru a daidai lokacin da labarai ke cewa Nvidia da AMD da Intel na gwabzawa ba ji ba gani. Ina aka taɓa ganin 'yan kasuwa uku na rububin mai saye, kaya kuma na ƙara tsada? Ruwa ba ya tsami banza.

Mutumin Jazira ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya nuna wanda yake zargi, don masu laifi sun yi masa yawa a gida. Akwai takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a watan Nuwamban 1997. Akwai fam ɗin Sudan, wanda a Fabrairun 2021 aka karya darajarsa daga 55 zuwa kusan 375 kan dala guda, kuma a 2024 ya haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Akwai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, wanda ya tarwatsa kasuwannin Khartum da 'yan tireda ke saro kaya, kafin ya iso Wad Madani da Hasahisa a Disambar shekarar. Dukkansu sun cuci mai saye, ba mai musu. Sai dai babban takunkumin an ɗage shi tun Oktoban 2017, kuma faɗuwar fam da wahalar hanya daga Port Sudan suna bayyana abin da aka ɗora wa kaya bayan ya baro Dubai ne kawai. Tambayar ita ce nawa kayan yake kafin ya baro can.

To ga farashin da kamfanin Nvidia da kansa ya sanya wa manyan katunansa, da dala, a ranar fitowarsu. GTX 1080 Ti na 2017 dala 699 ne. RTX 3090 na 2020 ya zo a 1,499. RTX 4090 na 2022 ya kai 1,599, sannan RTX 5090 na Janairun 2025 ya tsaya a 1,999, kuma a makonnin farko da wuya a same shi a wannan kuɗin ko a cikin Amurka. Mai saye a Kano da na Legas da na Jamus duk kuka ɗaya suke yi, alhali ba yaƙin Sudan a ƙofar gidansu. Ke nan a bar fam da takunkumi su huta tukuna, ɓarawon ba ɗan gida ba ne.

Wanda ake zargi na gaba ya fi kama da mai laifi, kuma a gaskiya ya taɓa aikatawa. Masu haƙar kuɗin kirifto ne. Kuɗin Ethereum a da ana samunsa ne ta hanyar sa katin hoto ya yi ta lissafi dare da rana, don haka duk lokacin da darajarsa ta tashi sai mutane su sayi katuna goma-goma, ɗari-ɗari, su jera a ɗaki. Haka aka yi a 2017, aka sake yi a 2021, lokacin da annobar korona ta riga ta rikita masana'antu da jiragen ruwa. RTX 3080 da aka ce dala 699 ne sai da aka riƙa sayar da shi ninki biyu ko fiye. Abin ya kai Nvidia ta riƙa rage wa wasu katuna ƙarfin haƙa da gangan, a 2022 kuma hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci ta tarar dala miliyan 5.5 kan rashin bayyana wa masu zuba jari irin rawar da masu haƙa suka taka a cinikinta.

Amma a duba kwanan wata. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsarinsa, ya daina buƙatar haƙa kwata-kwata. Cikin dare ɗaya ɗakunan nan suka zama ba su da amfani, tsofaffin katuna masu gajiyayyar fanka suka malalo kasuwannin kayan hannu na duniya da araha. Da masu haƙa ne kaɗai matsalar, da a nan labarin ya ƙare. Wata biyu bayan haka sai ga RTX 4080 a dala 1,199, shi da ya gaji katin 699. Masu haƙa sun tafi, tsada ta zauna. Akwai wani hannun.

A nan ne ya kamata a koma ga maganar gasa, don ita ce ta fi ruɗa mutane. Gasar gaskiya ce, kuma a ɓangaren furosesa ta yi wa talaka rana. Shekaru da yawa Intel na cin karenta ba babbaka, har AMD, ƙarƙashin Lisa Su, ta fito da Ryzen a 2017 ta tilasta mata ƙara ƙarfi da rage kuɗi. A 2020 Apple ta bar Intel ta koma zana nata M1. Intel ta shiga halin da shugabanta Pat Gelsinger ya sauka a Disambar 2024, gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na kamfanin a Agustan 2025, wata guda bayan haka Nvidia, abokiyar hamayya, ta ce za ta zuba masa dala biliyan 5. A ɓangaren katin hoto ma an yi ƙoƙari: Intel ta kawo Arc B580 a dala 249, AMD ta kawo RX 9070 XT a 599. To me ya hana ɗayansu ya cika kasuwa da kaya ya karya farashi?

Amsar tana cikin katin kansa. In aka cire fanka da ƙarfen sanyaya, za a ga ɗan guntun silikon da bai kai tafin hannun jariri ba. Nvidia ba ta ƙera shi, zana shi kawai take yi. AMD ma haka, ta rabu da masana'antunta tun 2009. Hatta Intel da ke da nata masana'antun, cif ɗin katin Arc ba a gidanta ake yin sa ba. Duka ukun, har da Apple, layi ɗaya suke bi a ƙofar kamfani ɗaya, TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987. Shi kuma TSMC injinan da yake zana mafi ƙanƙantar layuka da su kamfani ɗaya ne tak a duniya ke ƙera su, ASML na ƙasar Holan. Sabuwar masana'anta tana cin dala biliyoyi da shekaru kafin ta fara aiki. Sunaye uku ne a kwali, amma ƙofar ɗaya ce, kuma abin da ke fitowa ta cikinta a wata yana da iyaka.

Da zarar an gane haka sai tambayar ta canza: wa ke gaban layi? Ranar 30 ga Nuwamban 2022, makonni goma sha ɗaya bayan masu haƙa sun watse, aka saki ChatGPT. Ba a ranar aka gano katin hoto na iya horar da ƙirƙirarriyar basira ba. Tun 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto suka lashe gasar gane hotuna da katunan GTX 580 guda biyu, irin na masu wasa, don aikin zana hoto da aikin horar da basira iri ɗaya ne a tushe: ƙananan lissafai dubbai a lokaci guda. Abin da ChatGPT ya yi shi ne ya sa Microsoft da Google da Amazon da Meta suka buɗe bakin jaka.

Ga shaidar da ta fi kowace ƙarfi a wurina. Cif ɗin RTX 4090 da cif ɗin H100, wanda Nvidia ke sayar wa manyan cibiyoyin sarrafa bayanai, a tsarin ƙira ɗaya TSMC ke yin su. Na farko faɗinsa ya ɗan haura murabba'in milimita 600, na biyu ya ɗan haura 800. Na farko dala 1,599, na biyu dala 25,000 zuwa sama. Lalle H100 na da ƙarin kayan haɗi masu tsada, amma ba su kai su cike wannan tazarar ba. Ɗan Jazira ba sai an yi masa dogon bayani ba. A shekarun da suka biyo bayan gama madatsar Sinnar a 1925, manomi na da hawasharsa, wato gonarsa, amma ba shi ke yanke abin da za a shuka ba: auduga ce ke shan ruwa da farko saboda ita ke tafiya masaƙun Ingila ta kawo kuɗi, dawar da iyali za su ci ta jira abin da ya rage. Kakannin Hausawan Mai Wurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu da suka tsinci audugar nan da hannunsu sun san wannan tsari. Faifan silikon na TSMC shi ne hawashar yau, cif ɗin basira shi ne audugar, katin mai haɗa bidiyon biki kuma dawa.

Littafin cinikin Nvidia ya tabbatar da haka. A shekarar kuɗin da ta ƙare a Janairun 2022, ta samu kusan dala biliyan 12.5 daga katunan wasa, biliyan 10.6 daga cibiyoyin bayanai. Bayan shekara uku katunan wasa sun kawo biliyan 11.4, cibiyoyin bayanai biliyan 115.2. Kamfanin da masu wasa suka yi rainonsa tun yana ƙarami ya kai darajar dala tiriliyan 5 a Oktoban 2025, kuma tsofaffin abokan cinikinsa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na cinikinsa ba. AMD ma ba waliyyiya ba ce: ta janye daga neman kambun katin da ya fi kowane ƙarfi a zubin 2025, ta ƙulla babbar yarjejeniya da OpenAI, mai ChatGPT. Gasar tana nan da zafinta, sai dai ba kanmu ake yin ta ba.

Mai gardama zai iya cewa wannan son kuɗin Nvidia ne kawai, a daina ɗora wa basira. RAM ce ta rufe wannan ƙofar. Ba Nvidia ke yin ta ba, ba TSMC ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwarta: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Cif ɗin basira yana buƙatar wata irin ma'ajiya da ake jerawa hawa-hawa, HBM, wadda ke cin silikon kusan ninki uku na RAM ɗin gida kafin ta ba da girma ɗaya. Da suka karkata injinansu can, a watannin ƙarshen 2025 kuɗin RAM ɗin kwamfutar gida ya ninka, wani wurin ya wuce ninki. A Disambar shekarar Micron ta sanar za ta rufe Crucial, sunan da take sayar wa ɗaiɗaikun mutane kaya da shi, don ta fuskanci manyan cibiyoyi. Kamfani daban, ƙasa daban, kaya daban, amma sawun ƙafar ɗaya ne. Wanda ya kwashe katin hoto shi ya kwashe RAM, kuma ba ɓarawo ba ne ma, mai saye ne da ya fi mu kuɗi nesa ba kusa ba.

Saura abin da mai shago a Hasahisa zai yi da wannan sani. Kada ya zauna jiran farashi ya sauko don an sami zaman lafiya ko fam ya farfaɗo, domin waɗannan za su rage kuɗin hanya ne, ba kuɗin tushe ba. Kada kuma ya bi babban kati don suna: RTX 5090 shi kaɗai yana jan wuta wat 575, wanda ga mai dogaro da sola ko janareta wata tsadar ce ta kullum. Yawancin aikin ɗab'i da ƙananan bidiyo furosesa mai ɗauke da nasa sashen hoto, irin su Ryzen 5 5600G, yana yin sa ba tare da kati ba. Wanda dole sai da kati, na hannu daga zubin 2020 zuwa 2022 yana nan, amma da yawansu sun yi bautar haƙa, don haka a kunna shi a gabanka, a ɗora masa aiki mai nauyi na tsawon lokaci, a saurari fankarsa, a duba zafinsa kafin a miƙa kuɗi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma hakan na turo tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka kasuwar hannu. In ka ci karo da irinsu, fara buɗe murfin ka ga RAM nawa ke ciki kafin ka tambayi kuɗin.