Yaron da bai yi magana ba, an auna ƙwaƙwalwarsa kuwa?

Duk ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa galahanga, wayoyi kan cika da bidiyon yara masu lissafi kamar kwamfuta. Nan take wasu a garin Gure su ce ashe masu wannan lalura duk haziƙai ne. Su ɗin ne kuma, in sun ga yaron maƙwabci yana kaɗa hannuwa, yana toshe kunne don ƙarar injin niƙa, an kira sunansa bai waiwayo ba, za su ce dolo ne, ko shafar aljanu ce.

Duka biyun kuskure ne. Galahanga ta shafi yadda yaro ke mu'amala, da magana, da yadda jikinsa ke karɓar ƙara da haske. Kaifin basira zance ne daban. Alƙaluman hukumar CDC ta Amurka na 2020 sun nuna wajen kashi 38 cikin 100 na yara masu galahanga da aka auna ne ke da raunin fahimta. Sauran fa? Daga waɗanda basirarsu ta ɗan gaza matsakaiciya har zuwa waɗanda suka zarce tsara.

Awon ma abin dubawa ne. A 2007 masu bincike a Montreal ta Kanada sun gwada irin waɗannan yara da jarrabawar da ta dogara da magana, sannan da ta Raven, wadda zane ne zalla. A ta biyun sakamakonsu ya ɗaga sosai. Wanda ya zura guga da gajeriyar igiya ba shi da hurumin cewa rijiya ta ƙafe. To ina ga yaron Gure da ke jin Barbarci a gida, Hausa a kasuwa, Faransanci a lakwal, sannan malam ya yanke masa hukunci da tambayar baki ɗaya a aji mai cunkoso?

Makiyayanmu ya kamata su san Temple Grandin. Ba ta fara magana ba sai bayan shekara 3, amma ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, kuma mayanka da dama a Amurka da tsarinta suke kora shanu. Ba kowane yaro zai zama ita ba, wasu har girma sai an kula da su. Sai dai ita an samu mai koya mata magana tun tana ƙarama. Namu kuwa akan fara da turare da rubutun sha, kuma kafin a yi tunanin shiga motar Damagaram ganin likita, shekarun da koyarwa ta fi kamawa sun wuce.