Yadda Ake Karanta Shawarwarin Manhajar MRP a Masana'anta

A masana'antu da dama, abin da jami'in tsare-tsare ke fara dubawa da safe shi ne jerin shawarwarin da manhajar MRP ta fitar cikin dare. MRP tsari ne na lissafa kayan da masana'anta ke buƙata, da adadinsu, da ranar da ya kamata su iso. Joseph Orlicky, injiniya a kamfanin IBM na Amurka, na cikin waɗanda suka assasa shi a shekarun 1960, kuma ya wallafa littafi a kansa a 1975. A yau ana samun sa a cikin manhajoji irin su SAP da Oracle da Odoo.

Lissafin yana kan ginshiƙai uku: jadawalin abin da za a ƙera, jerin sassan da kowane kaya ya ƙunsa, da bayanan abin da ke sito. A ce za a ƙera tebura 500, kowanne da ƙafa huɗu, ana buƙatar ƙafafu 2,000 ke nan. Idan akwai 600 a sito, wasu 400 suna hanya, manhaja za ta ba da shawarar a samo 1,000. Idan dillali na ɗaukar mako uku kafin ya kawo, sai ta ƙirgo mako uku baya daga ranar buƙata, ta sa ranar ba da oda.

Saƙonnin da suka fi buƙatar natsuwa su ne na gyaran odar da aka riga aka bayar. Na gaggautawa yana nufin kayan za su iso bayan lokacin buƙata, layin ƙira zai tsaya. Na jinkirtawa yana nufin za su iso da wuri, kuɗi su kwanta a sito. Na sokewa yana nuna buƙatar ta gushe. Ƙwararren jami'i kan fara da na gaggautawa, ya bi diddigin saƙon har zuwa odar abokin cinikin da ta haifar da shi, kafin ya amince.

Dalili kuwa shi ne manhajar tana gaskata duk abin da aka shigar mata. Idan rajista ta ce akwai 600 alhali 450 ne a zahiri, shawarar za ta gaza da 150. Haka kuma ba ta la'akari da ƙarfin injina. A Najeriya, lokacin isowar kaya ne babban tarko: jinkirin takardar Form M, cunkoson tashar Apapa da neman kuɗin waje kan sa wa'adin da aka rubuta ya saɓa da gaskiya.

Ga ma'aikacin da ke duba buƙatar sayayya daga masana'antar gwamnati ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, takardar manhaja kaɗai ba ta isa hujja ba. Kafin sa hannu, ya dace ya tambayi ranar da aka yi ƙidayar sito ta ƙarshe, da ranar da aka sabunta wa'adin dillali.