Raɓar-rana a Cirozerin: batun suna da batun reno

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba yadda ya kamata a kira tsirran da Faransanci ke ce ma plantes carnivores, musamman wanda ake kira droséra. Mun ɗauki Cirozerin (Tchirozérine) a matsayin misali domin dalili biyu: gari ne na ma'aikata, kamar Arlit, inda Hausa ke haɗa masu harsuna dabam-dabam, kuma yanayinsa ya yi hannun riga da na wannan tsiro. Ra'ayinmu shi ne: sunan da aka zaɓa yana iya koya ma mai reno daidai, yana kuma iya ɓatar da shi.

2. Sunan tsiron

Linné ne ya tabbatar da sunan Drosera a 1753, daga kalmar Girkanci drosos, wato raɓa. Faransanci na da wani sunan, rossolis, daga Latin ros solis, "raɓar rana". Dalili kuwa, ganyensa cike yake da gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kansa, wanda rana ba ta busarwa. Saboda haka muna ganin raɓar-rana ya fi aron kalmar droséra, tun da yana bayyana kamannin abin.

Matsalar tana wajen carnivore. In an fassara ta kai tsaye, sai a ce "tsiro mai cin nama", mai karatu kuma ya ɗauka tsoka ake ba shi. Alhali tsoka ruɓar da ganyen take yi. Darwin, a littafinsa na 1875, ƙwari ya ambata a take, haka ma fassarar Faransanci, Les plantes insectivores. Mun fi son kama-ƙwari, bisa tsarin aikatau da suna da ya ba mu dafa-duka da hana-salla.

3. Abin da sunan ke koyarwa

Tsiron ganye ne kamar sauran, daga hasken rana yake haɗa abincinsa. Yana fitowa ne a fadama mai tsami, marar albarka, sai ya nemi azot a jikin ƙwari: danƙo ya riƙe ƙwaron, gashin ya lanƙwaso, ruwan ganyen ya narkar da shi. Ke nan saiwarsa ba ta saba da gishirin ƙasa ba. Taki, na shanu ko na zamani, ƙone ta yake yi.

4. Reno a Cirozerin

Na farko, ruwa. Masu reno na neman wanda gishirinsa bai wuce miligiram 50 a lita ba. Ruwan rijiya da na famfo galibi sun zarce haka, kuma tafasawa ba ta cire gishiri, ƙara tara shi take yi. A yankin Agadas, inda ruwan sama bai cika kai milimita 200 a shekara ba, sai a tara na damina, ko a sayi tataccen ruwan da ake ƙara ma batir (eau distillée), ban da mai asid.

Na biyu, ƙasa: ruɓaɓɓen gansakuka (tourbe) da wankakken yashi, rabi da rabi, cikin tukunyar roba. Ta yumɓu tana tsotse ruwa, ta tara gishiri. A ajiye tukunyar cikin faranti mai ruwa santimita 1 zuwa 2, kada ya ƙafe.

Na uku, iska da zafi. Hunturu na busar da danƙon, bazara kuma ta wuce digiri 40. A ba shi hantsi, a kare shi daga ranar tsaka da iska. In ɗigon ya ɓace, alama ce ta wahala. Daga cikin ire-irensa kusan 200, Drosera capensis na Afirka ta Kudu ya fi sauƙi ga mai farawa.

5. Kammalawa

Muna ba da shawarar kama-ƙwari ga rukunin, raɓar-rana ga droséra. Abin da ya rage shi ne a gwada kalmomin biyu a bakin masu magana, a Cirozerin da Arlit, a ga wadda kunne ya karɓa, kafin a sa su cikin littattafan makaranta.